Inna a Jirgin Safe, Baba a Jirgin Yamma

Shekarun baya, tun kafin yaƙin nan ya rufe mana filin jirgin Hartum, an taɓa naɗa ni masanin jiragen sama na gidanmu. A lokacin ban taɓa shiga jirgi ba, ban ma taɓa ganinsa a ƙasa ba, sai dai in ɗaga kai daga gona in hangi farin layin da ya bari a sama. Abin da ya ba ni muƙamin shi ne ina koyarwa a wata makarantar firamare a Sinnar, kuma ina da waya mai shiga intanet. A ƙauyenmu waɗannan biyun sun isa a riƙa tambayarka komai, tun daga maganin tsutsar auduga har zuwa ranar da za a ga wata.

Yayana da ke aiki a Jidda ne ya kira ya ce ya shirya wa iyayenmu tafiya Umara, mu dai mu nemi tikiti daga nan, shi zai tarbe su a can. Gida ya kaure da murna. Kakanninmu sun baro Yamma a ƙafa da niyyar Makka, suka yada zango a bakin wannan kogi don su yi noman shekara guda su sami guzuri, ga mu nan har yau ba a gama haɗa guzurin ba. Saboda haka duk wanda zai tafi daga cikinmu, ji ake kamar ya ɗauko tafiyar da aka ajiye ne zai ƙarasa. Mahaifiyata ta yi kuka, ta yi dariya, ta aika aka gaya wa dangi har Rufa'a.

Sai dai a gidanmu akwai wata doka da ta girme mu duka: mahaifina da mahaifiyata ba sa shiga abin hawa ɗaya.

Dalilin ba na wasa ba ne. Mahaifina yana ƙaramin yaro iyayensa suka shiga kwale-kwale ɗaya da damina, lokacin da kogi ya cika ya yi ja, za su gaisuwar rasuwa a ƙetare. Kwale-kwalen ya kife. Rana ɗaya ya rasa uwa da uba, aka rarraba shi da ƙannensa a gidajen dangi. Ba ya son ba da labarin, mu ma daga bakin gwaggonmu muka ji. Amma tun ranar da ya yi aure ya kafa sharaɗi cewa shi da matarsa ba za su taɓa haɗuwa a jirgin ruwa ɗaya ko mota ɗaya ba, don in wani abu ya faru, yara su sami wanda ya rage musu.

Haka muka tashi muka gani. In za a ƙetare kogi ranar kasuwa, shi zai fara shiga bantun, wato babban jirgin fiton da ke ɗaukar mutane da dabbobi, ita kuma ta tsaya a bakin ruwa da kwandonta har bantun ya kai ya dawo. In biki ne a Madani, shi ya hau motar farko, ita ta jira ta biyu. Keken jaki kaɗai aka yafe musu, shi ma don jakinmu bai taɓa yin saurin da zai kashe kowa ba. Baƙi kan ɗauka faɗa suka yi. Akwai wata mata da ta taɓa jan mahaifiyata gefe a tasha tana ba ta haƙuri, tana cewa zaman aure sai da juriya.

Ina da wani abokina da muka yi makaranta tare, yana aiki a ofishin masu shirya tafiye-tafiye a Sinnar. Shi na je wa. Ya duba ya ce a ranar da ta dace da bizarsu kamfanoni biyu ne ke tashi daga Hartum zuwa Jidda, ɗaya da safe, ɗaya da yamma, kuma duk biyun akwai ayarin masu Umara da tsofaffin mata ke shiga ciki. Da na kawo labarin gida, mahaifina ya shafa gemu ya ce, “Alhamdu lillahi, Allah ya kawo sauƙi. Biyu na, kowa da nashi.”

Na ɗauka magana ta ƙare. Ashe nan ta fara.

Washegari ina shirin tafiya makaranta ya yafuto ni zuwa bayan rumbu, ya rage murya kamar mai shirya sata.

“Kai, zaka nan. Shirkokin nan biyu, kamfanonin jirgin, wacce ta hi aminci?”

Na ce, “Baba, ai duk jirage ne.”

“Duk jakuna ma jakuna na, amma akwai wanda ka yada mutum. Ka duba mani cikin talafon ɗinka. Wadda ta hi, nan za ka sa innarka. Kuma kada ta ji.”

Na ce to. Da na dawo da la'asar, mahaifiyata na gasa kofi a kan garwashi don jabana, wato kofin da muke dafawa mu sha, ta ce in zauna in riƙe mata mafici. Sai da ta tabbatar ba kowa a tsakar gida sannan ta ce, “Ya waladi, ɗana, ɗayyarar nan guda biyu, jiragen nike nuhi, ai dole ɗaya ta hi ɗaya lahiya. Babanka za ka sa cikin mai kyan. Shi ke da hawan jini, kuma in wani abu ya taso bai iya haƙuri da jira. Kada ka hwaɗa mashi.”

Ita ma na ce to. Ga ni da amana biyu, kujera mai kyau kuma ɗaya.

Mahaifina bai dogara da ni kaɗai ba. Ya kai maganar rumfar ƙofar masallaci, inda dattawa ke zama bayan la'asar, kuma a nan na gane cewa ba ni kaɗai ne masanin jirage a garin ba. Wani alhaji ya ce a nemi mai inji huɗu, domin ko jaki da ƙafa huɗu yake tsayuwa. Wani ya ce shi kamfanin da ya hau ya fi kowane, don sau biyu aka ba shi kaza, kuma mutanen da ba sa rowar abinci ba za su yi rowar gyara ba. Wani ya ce a saurari muryar matuƙi in ya yi magana kafin tashi: in a natse yake kamar liman, ka miƙe ƙafa, in yana sauri yana haɗiye kalmomi, ka fara salati. Akwai tsohon direban lori a cikinsu, shi cewa ya yi duk wannan ɓata lokaci ne, a je a tambayi mai kamfanin ko yana sa mahaifiyarsa a ciki. Mahaifina ya juyo ya dube ni, wai ko wayata za ta iya gano wannan.

Ni kuma na duƙufa. Wurin da intanet ke kamawa sosai a makarantarmu shi ne kan matakalar tankin ruwa, nan na riƙa zama lokacin tara ina karatu. Na karanta shekarun jirage, na karanta sunayen injina da ban iya furtawa ba, na karanta ƙorafin fasinjoji da yawancinsa kan ɓatan akwati ne da sanyin shinkafa. Kuskuren da na yi shi ne na fara kallon bidiyon haɗurra. Kafin mako ya zagayo na rame. Matata ta ce har fankar ɗakinmu na fara yi wa kallon tuhuma.

Gaskiyar abin da na samu kaɗan ne. Jiragen kamfanin safe sun fi sabunta, na kamfanin yamma sun ɗan manyanta. Ban sami wani mummunan labari da zan iya tabbatarwa a kan ko ɗaya ba. Amma mutum ba zai yi mako guda a kan tankin ruwa ya sauko ya ce bai sani ba. Na je bayan rumbu na ce wa mahaifina na safe ya fi. Na zaɓi cika tasa amanar ne don shi na fi tsoro.

Da daddare ana cin tuwo ya sanar, fuskarsa wasai. “To, an gama. Ke za ki tahi da sahe, ni in biyo da marece.”

Mahaifiyata ta tsaya da loma a hannu. Ta dube shi, ta dube ni. Na sunkuyar da kai cikin kwano kamar na ga wani abu a miya.

Ta ce, “Malam, tun da anka kawo ni gidanga kai ka hwara hayewa. Kai ka gwada bantun, kai ka gwada mota, in ka isa lahiya sannan in biyo. Yau kuma ni za ni riga ka?”

“Hakanan anka tsara.”

“Wa ya tsara?”

Na ƙara nutsa kai cikin kwano. Ta ajiye lomar ta ce, “To ni ta marece nike so. Sanyin sahe ba ya yi mani.”

Watan zafi ake ciki, irin zafin da ko kare ba ya fita da hantsi. Mahaifina ya ce wane sanyi. Ta ce ita ta san jikinta. Ya ce shi ma ya san nasa, kuma nasa jikin jirgin yamma yake so. Daga nan aka shiga. Ban taɓa jin gidan da aka yi rigima kan wa zai hau jirgin da ya fi tsufa ba sai namu. Kwanaki ana abu ɗaya. Shi ya ce shi ne mai gida. Ita ta ce to mai gida ya tafi shi kaɗai, ita ta fasa, Allah ya karɓi niyya. Ta kwance ƙullin kayan da ta fara haɗawa, ta mayar da sabon mayafinta cikin akwati. Wanda ya san mahaifiyata ya san ba barazana take yi ba.

Ni kuwa na zama abin tausayi. In na shiga wajenta ta ce, “Ga mai cin amana ya zaka.” In na fita wajensa ya ce, “Kai ka bari ta gane, fuskarka awa allo, kowa na karantawa.” Yayana na kira daga Jidda yana tambaya ko mun haukace ne. Abokina na kira yana cewa kujeru na ƙarewa, biza kuma tana da wa'adi, in ya wuce sai a sake daga farko. A nan tsoro na gaske ya kama ni. Mutanen nan sun tsufa, ba wanda ya san ko za a sake samun irin wannan dama, ga shi tafiyar na shirin rushewa saboda kowannensu na son ɗan'uwansa ya fi shi tsira.

Na hau mota na tafi ofishin abokina, na kwashe labarin duka na gaya masa. Ya yi dariya har ya kifa kai a kan tebur. Da ya farfaɗo ya sa aka kawo mana shayi, ya ce, “Ya zol, mutumina, wa ya ce maka sabo shi ne lafiyayye? Jirgi ba a shekaru ake auna shi ba, a kula ake auna shi. Tsohon da ake buɗewa ana dubawa a kan lokaci ya fi sabon da aka yi wa sakaci. Kuma su biyun nan a filin Jidda ɗaya suke sauka. Mutanen can ba sa barin jirgi ya shigo musu sai takardun bincikensa sun cika. In kana son ka ji tsoro, ji tsoron bas ɗin da zai kai su Hartum, wanda direbansa ke tuƙi da hannu ɗaya yana waya da ɗayan.”

Sannan ya ƙara da abin da ya fi burge ni. Ya ce raba su jirgi biyu ba ya rage haɗari. Abin da yake ragewa kawai shi ne a rasa su tare, amma yana ƙara yiwuwar a rasa ɗaya, tunda yanzu tashi biyu ne da sauka biyu. Na ji wannan magana ta zauna mini daram. Na kamo hanyar gida ina maimaita ta a mota, ina jin kaina kamar lauya.

Na tarar da mahaifina a kan tabarma a inuwar bishiyar bedi, da kwanon dabino a gabansa. Mahaifiyata na can gefe tana yin kisra, wainar dawa mai faɗi, a kan tanda, ta ba mu baya. Ƙanwata, autarmu, ta zo wuni, tana zaune a bakin ƙofa da goyonta. Na zauna, na ɗauki dabino biyu na ajiye a kan tabarma, na ce wannan jirgin safe ne, wannan na yamma. Na fara bayani irin na aji, da ɗaga yatsa da komai. Ina tsakiyar lissafi mahaifina ya miƙa hannu ya ɗauki jirgin safe ya jefa a baki.

Ya tauna a hankali, ya tofar da ƙwallon a tafinsa, sannan ya ce, “Ustaz, na ji lissahinka, kuma daidai na. Amma ni ban taɓa cewa raba jirgi na hana mutuwa ba. Kwana in ya ƙare ko bisa gado ɗaukar mutum akai. Ni dai na san mi ake nuhi da yaro ya wayi gari da uwa da uba, ya kai marece ba ko ɗaya. Kai ba ka sani ba. Kuma don kada ka sani na yi abin da na yi.”

Na sauke yatsana. Duk karatun kan tanki bai hango wannan ba. Kunya ta kama ni, da wata irin ƙauna tasa.

Sai muka ji mahaifiyata ta sauke tanda daga wuta. Ta goge hannu a zaninta, ta zo ta tsaya a kanmu. Ba ta ɗaga murya ba.

“Malam, ka yi don yara, kuma Allah ya saka maka. To nuna mani yaran.”

Ya dube ta.

“Wanga?” Ta nuna ni. “Dubi gemunshi, hurhura ta hwara hita. Ko wagga?” Ta nuna ƙanwata. “Ga nata ɗa a baya. Ko na Jidda, wanda shi ka ciyar da mu? In munka tahi yau mu biyu, wa za a raba gidajen dangi?”

Ƙanwata ta fara dariya, ta ga ba wanda ya taya ta, ta haɗiye.

Mahaifiyata ta zauna a gefen tabarmar, abin da ba ta saba yi ba in yana tare da mu. Ta ce, “Shekara da shekaru ina tsaye bakin ruwa ina kallon bantun na tahiya da kai. Ba ni iya zama, ba ni iya magana da kowa, sai na hangi ka taka ƙasa. Sannan in shiga, in san kai ma kana can tsaye idonka na bisa ruwa. Ban taɓa cewa komi ba, don yaran na ƙanana. Ka shirya ma yara wanda za ya rage masu, amma ba ka taɓa tambayata ko ina son in zama wadda ta rage ba. Ba ni so. Kuma ɗakin Allah za mu. Ina son in ɗaga ido in gan shi kana tsaye kusa da ni, ba in isa ina waiwayen ƙoha ba.”

Mahaifina ya miƙe. Ya jefa ƙwallon dabinon a aljihu, ya sa takalmi, ya saɓa fartanya ya nufi gona, alhali ba lokacin aiki ba ne kuma ba abin da ke gonar sai busasshiyar ƙasa. Mahaifiyata ta koma kan tandarta. Ni na zauna da jirgin yamma a gabana, na rasa abin yi, na cinye shi.

Sai dab da magariba ya dawo. Ya tsaya yana wanke ƙafa a bakin randa, bai dube ni ba ya ce, “Hwaɗa ma abokinka kujera biyu. Kusa da juna.”

Na ce, “A wane jirgin, Baba?”

“Tambayi innarka.”

Na leƙa madafa na tambaye ta. Ta ce na yamma. Na ce Inna, shi ne fa tsohon. Ta ce, “Wanda ya daɗe yana zuwa ai ya san hanya. Kuma ba ni son a tashe ni da asuba ina neman takalmi.”

Ranar tafiya rabin gari ya rako su tashar Sinnar. Ni da matata muka shirya za mu kai su har Hartum, mun bar yaranmu wajen ƙanwata. Mun sa ƙafa za mu hau bas ke nan mahaifina ya tare ƙofa da sandarsa.

“Ku biyu, mota ɗaya? Yaranku hwa?”

Na ce, “Baba, ai na ɗauka an soke dokar.”

“An soke ma waɗanda sunka gama renon. Kai yanzu ka hwara.”

Matata ta sauka tana dariya, ta ce dama tana da wanki. Haka dokar ta tashi daga kansu ta sauko kaina, a gaban jama'a, ba tare da an nemi shawarata ba.

A cikin bas na zauna a bayansu. Ban taɓa ganin mutane biyu da suka rasa yadda za su yi da kafaɗunsu kamar su ba. Shi ya ce ta zauna ta taga, ita ta ce shi ya zauna, har mai karɓar tikiti ya raba gardamar. Suka zauna a miƙe kamar ango da amarya a gaban mai hoto. Sai da muka wuce Madani na ga ta ɓare gyaɗa ta zuba masa a tafi, yana ci yana nuna mata gonaki ta taga, yana gaya mata sunayen garuruwan da ta sha wucewa ita kaɗai. Direban kuwa, kamar yadda abokina ya faɗa, da hannu ɗaya ya kai mu.

A filin jirgi mahaifina ya ɗaura haraminsa, ya fito fari fat, ya tare wani mai kaki ya tambaye shi ko shi ne direban, yana son ya ji muryarsa. Mutumin ya ce shi kaya yake aunawa. Jirgin ya yi jinkiri, na ce musu alama ce mai kyau, ana dubawa ne, duk da ban san ko duba ake ko matuƙin ne bai gama shayi ba. Da aka kira su, suka shige tare, ita tana riƙe da gefen jakarsa. Na fita na tsaya a bakin shinge har na ga wani jirgi ya ɗaga, ban ma san ko nasu ba ne. Ban iya zama ba, ban iya cin komai ba, sai da yayana ya kira ya ce ga su a gabansa, Inna na tambayar inda za ta sami shayi.

Da suka dawo gida ya cika da 'yan sannu da zuwa, ana rabon dabino da zamzam. Dattawan rumfa suka kewaye mahaifina suna son rahoto: inji nawa, kaza sau nawa, yaya muryar matuƙi. Ya fara kame-kame. Mahaifiyata ta leƙo daga cikin mata ta ce, “Kada ku wahal da shi, bai ga komi ba. Tun kahin ɗayyara ta bar ƙasa ya yi kwana. Munka hau, munka bi bisa teku tana rawa awa keken jaki, ni ina salati, shi yana minshari. Har kazarshi ni na ci. Da dawowa ma hakanan.” Aka yi ta dariya, tsohon direban lori har da buga sanda a ƙasa. Mahaifina ya yi murmushi kawai, bai musa ba.

Yanzu na hau jirgi ba sau ɗaya ba, kuma har yau in zan sayi tikiti sai na bincika. Ina duba ko kamfanin na sauka a filayen da ake tsananta bincike, ina tambayar waɗanda suka saba hawansa, ba na ruɗuwa da sabon fenti, kuma ba na ƙara kallon bidiyon haɗari. Na yarda jirgin sama ya fi yawancin motocin da muke hawa ba tare da tunani ba aminci. Amma abin da na fi riƙewa daga wancan lokaci ba a kan jirage yake ba. Na yi mako guda ina auna kamfani da kamfani, ban lura ba cewa su biyun ba jirgi suke tsoro ba. Kowannensu tsoron rasa ɗan'uwansa yake yi, kuma wannan ba a ganinsa a waya. Duk sanda na tuna sai in yi dariya, sai kuma in ji idona ya kawo ruwa. Ni da matata har yau mota daban-daban muke hawa, ina gunaguni ina bi, tana cewa saura kaɗan autanmu ya girma.

Bayan an kwana biyu da dawowarsu, na raka mahaifina gona, muna tafe a kan gaɓar kwatar ban ruwa na tsokane shi. Na ce Baba, duk wannan rigima da bincike, ashe barci za ka je yi. Ya tsaya, ya juyo ya dube ni.

Sannan ya ce, “Tun da na yi aure ban taɓa runtsawa cikin tahiya ba. In ina gaba hankalina na baya, in na isa idona na kan hanya. Ran nan na zauna, na duba dama, ga ta. Ba wanda nike jira, ba wanda ka jirana. Sai kwana ya ɗauke ni.”